Guzurin Mai Shiga Birni: Ci da Sha da Kallo a Watan Azumi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sanya hanyoyi a cikinta domin bayinsa su fita neman falalarsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. 

Karatunmu na yau a kan tafiya birni ne. Kowace shekara idan aka doshi goman ƙarshe, tashoshin ƙasar nan sukan cika. Ɗan kasuwa ya sayar da riɗinsa ko rakensa, yana son ya saro atamfa da shadda a Kantin Kwari kafin Salla. Uba yana son ya dubo ɗansa da ke karatun allo a Kano ya kai masa riga. Wani zai kai mara lafiya asibiti, samari kuwa sun ji labarin hawan Daushe suna son idonsu ya gani. Duk waɗannan tafiye-tafiye halal ne, wasunsu ma akwai lada a ciki. Sai dai bayan Salla tambayoyin da suke zo mana kusan iri ɗaya ne: "Malam, na sha ruwa a mota, me ke kaina?" "Malam, na sha wani abu a kwalba, daga baya aka ce mini akwai giya a ciki." "Malam, na ci bashin mai masaukina, ga shi ba abin biya sai kaka." Mafi yawan masu irin wannan tambaya ba su fita da mugun nufi ba, shiri ne ba su yi ba. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa muka ga ya kamata a yi maganar tun mutum yana gida.

Asalin wannan babi yana cikin Suratul Kahfi, aya ta 19. Samarin nan da suka gudu da addininsu suka shiga kogo, Allah ya ɗora musu barci na shekara 309, da suka farka sai suka yanke shawarar aiken ɗayansu cikin birni ya sayo abinci. Ku dubi yadda suka shirya shi. Sun ba shi azurfar da suka fito da ita, wato ba su bar gida hannu rabbana ba, alhali su ne masu tawakkalin gaske. Sun umurce shi ya bincika wane abinci ne ya fi tsarki kafin ya saya. Sannan suka yi masa wasiyya ya bi a hankali, kada ya jawo idon mutane kansa. Malaman tafsiri sun ciro hukunce-hukunce da yawa daga wannan aya, cikinsu akwai halaccin wakilta wani a saye da sayarwa, da cewa riƙon guzuri ba ya warware tawakkali. A kan tsarin nan nasu za mu gina karatunmu. Misalinmu zai zama Kano, don ita ce birnin da mutanenmu suka fi nufa, mu taɓo Damagaram a inda ya dace.

Ƙidayar hanya da ƙidayar kwana

Kafin a yi maganar abin da za a ci, sai an san ko mutum zai ci da rana ko zai kame. Allah ya yi wa matafiyi rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185, ya sha azumi ya rama a wasu kwanaki. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala da Muhtasar, rangwamen yana da sharuɗɗa. Na farko tafiyar ta kai nisan ƙasaru, wato baridi 4, mil 48, wanda a awon yau ya kama kilomita 80 da ɗoriya. Na biyu ta zama ba ta saɓo ba. Na uku mutum ya wuce gidajen garinsu kafin ketowar alfijir. Na huɗu ya kwana da niyyar sha, ba da niyyar azumi ba.

Duk wanda ya tashi daga ƙasar Magariya ko ta Dungas ya nufi Kano, ko ta Babban Mutum da Ɓaɓura ya bi ko ta Maigatari, tafiyarsa ta wuce wannan awo nesa ba kusa ba. Damagaram kuwa ya danganta da inda mutum ya taso. Mutumin Magariya da na Dungas sun kai, wanda ke wajejen Mirya bai kai ba, mu na tsakiya kowa ya tambayi direba tsawon hanyar da za a bi daga ƙauyensu. Wanda ya yi tafiyar da ba ta kai ba, ya zaci ya halatta ya sha, ya kuma sha, ramuwa ce kawai a kansa.

Akwai wurare biyu da mutanenmu suke yawan zamewa. Na farko mutum ya wayi gari da azumi a gida, mota ba ta tashi ba sai hantsi, sannan a hanya ya ce ai shi matafiyi ne. Wannan bai kamata ya sha ba a ranar, idan ya sha bayan fita sai ya rama. Na biyu ya fi nauyi: mutum yana cikin tafiya ya kwana da niyyar azumi, ya yi sahur, rana ta take ya ga sanyin ƙanƙara ya karya ba tare da larura ba. A zance mafi shahara na mazhaba, wannan akwai ramuwa da kaffara a kansa, wato ciyar da miskinai 60 kowane mudu ɗaya da mudun Annabi, ko azumin wata 2 a jere. Saboda haka shawara da dare ake yanke ta. Wanda ƙishirwa ta kai shi ga tsoron halaka ko cuta mai tsanani, wannan ya sha, ramuwa ta wadatar. Mai ƙarfi kuwa, azumi ya fi masa falala a wurin malamanmu.

Sai ƙidayar kwana. Idan ka ƙudurta za ka zauna a birnin kwana 4 cikakku, masu salla 20, to ka zama mazauni da isarka, ka cika salla ka kama azumi. Idan kwana 2 ko 3 za ka yi, kana nan a matsayin matafiyi. Wanda ke jiran kaya ko sallamar likita, kullum yana sa ran gobe zai tashi, shi ma matafiyi ne, sai fa in ya san a al'ada abin ba ya ƙarewa ƙasa da kwana 4. Idan ka bi limami mazauni sai ka cika tare da shi. Wanda kuma ya sha bisa rangwame, ya ci abincinsa a ɓoye, kada ya zauna bakin titi yana tauna a gaban masu azumi.

Kuɗi da guzuri da masauki

Kano ana yi mata kirari da tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Ma'anarsa ga baƙo ita ce duk yawan kuɗin da ka shiga da su akwai abin da zai cinye su. Muna ba ku shawara ku raba kuɗinku kashi huɗu tun a gida: kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin buƙatar da ta fitar da ku, kuɗin ci da sha da zirga-zirga, da ɗan abin ko-ta-kwana saboda ciwo ko lalacewar mota. Kuɗin dawowa a ƙulle su daban, kada a taɓa su ko me aka gani a kasuwa. Wanda ya tuna yadda aka rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufe ta daga 2023 zuwa watan Maris na 2024, da yadda takardar naira ta yi wuyar samu a farkon 2023, ya san hanya tana iya sauyawa mutum yana kanta. A riƙe takardar shaidar ɗan ƙasa, a kuma rubuta lambar wayar mai masauki a takarda, don waya tana mutuwa, tana ɓacewa.

Canjin sefa da naira halal ne, ko da wannan ya fi wancan yawa, tun da kuɗi ne iri biyu. Sharaɗinsa guda ne, a yi shi hannu da hannu a zama ɗaya. Ka ba da jikarka yau a ce ka dawo gobe ka karɓi naira, wannan riba ce ta jinkiri. Farashi yana hawa yana sauka, don haka a tambayi ƴan canji biyu ko uku kafin a miƙa kuɗi, ko a bakin iyaka ko a Wapa da ke Fagge, a kuma ƙirga a gaban mai canjin.

Mu zo ga masauki, don a nan zumunci yake yawan ɓaci. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance haƙƙin baƙunci da kwana 3, abin da ya ƙaru sadaka ne, ya kuma hana baƙo ya daɗe har ya ƙuntata wa mai gida. Ɗan'uwanmu da ke zaune a birni ba shi da rumbu. Ɗaki haya yake yi, itace ko gawayi saye, ruwa ma sau da yawa sai ya saya a wurin ƴan garuwa. Idan mutum biyar suka sauka masa ba sanarwa a goman ƙarshe, kunya ba za ta bar shi ya yi magana ba, sai ya ci bashi ya ciyar da su, kuɗin ɗinkin yaransa ya tafi. A yi masa waya tun da wuri, a gaya masa mutum nawa ne da kwana nawa. A tafi masa da abin da Allah ya hore mana: ƴan tiyoyin gero ko wake, man gyaɗa, dabinon kwarinmu, kuka da daddawa. Abin da muke gani ƙarami a nan, a can kuɗi ne. Wanda ya sauka Damagaram da bazara ya san garin yakan yi fama da ƙarancin ruwa, ya tausaya wa randar mai gida wajen alwala da wanka.

Guzurin hanya kuma ya zama abin da ba ya lalacewa da zafi: dabino, ƙuli-ƙuli, dakuwa, garin rogo, kilishi, da gorar ruwa cike daga gida. Sau da yawa rana takan faɗi mota tana shingen jami'ai ko ta lalace a daji, mai dabino uku da ruwa ya sha ruwansa a kan lokaci, ya kuma samu ladan ba maƙwabcinsa.

Abin da za a ci

Kano garin Musulmi ne, naman kasuwar Musulmi kuwa asalinsa halal ne, ba a ɗora mana binciken kowane mahauci ba. Waswasi a nan ba tsantseni ba ne. Amma a unguwannin da aka cakuɗa da waɗanda ba Musulmi ba, musamman gidajen abincin da mutum bai san masu su ba, tambaya ta zama dole, domin akwai masu cin abin da aka haramta mana. Gidan da ake sayar da abinci ana kuma shan giya a teburinsa, a bar shi ko da abincin halal ne, don hadisi ya hana mumini zama a inda ake zagayawa da ita.

Tsarkin da samarin kogo suka nema ya haɗa da tsabta. A zaɓi abin da aka sauke daga wuta a gaban ido: ƙosai da waina masu zafi, shinkafa da wake, tuwo da miya, tsiren da yake kan wuta. A yi hattara da abin da ya wuni a buɗe ƙuda na bi, da ganyen da aka yanka tun safe, da naman jiya da aka ɗumama. Gurasar Kano da alkubus da funkaso abinci ne masu daɗi, ba laifi baƙo ya ɗanɗana abin da babu a garinsu, Allah bai haramta daɗaɗan abubuwa ba. Abin da ya hana shi ne ɓarna, kamar yadda ya zo a Suratul A'araf, aya ta 31. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Cikin da ya saba da fura da tuwon gero, idan aka cika shi da maiƙo iri biyar a dare ɗaya, sai mutum ya kwana yana zarya, tarawihi ta wuce shi, gobe kuma ba kasuwa ba azumi.

A tambayi farashi kafin a ci, don cinikin da ba a san kuɗinsa ba yana jawo husuma, baƙo kuma shi ne ke shan kunya. Sahur a tanade shi tun bayan isha'i, kada a dogara da cewa za a samu mai shayi da asuba a unguwar da ba a sani ba. A masallatai da yawa ana raba kunu da abinci lokacin buɗa baki. Matafiyin da guzurinsa ya yanke yana da haƙƙi a ciki, ya karɓa ba kunya, Alƙur'ani ya ambace shi cikin masu cin zakka. Amma wanda ya shigo da jarin atamfa a aljihu, ya bar wa almajiri da maraya layinsu.

Wata mas'ala ƙarama mai girman hukunci: lokacin shan ruwa na garin da kake ne. Agogon Nijar da na Najeriya ɗaya ne, amma faɗuwar rana takan bambanta da ƴan mintoci tsakanin ƙasarmu da Kano. Kada wanda yake can ya sha ruwa don ya ji kiran salla a rediyon gida, ko don iyali sun yi waya sun ce sun sha. Ya jira ladanin unguwar da yake.

Abin da za a sha

A nan haɗari ya fi yawa, don mai azumi idan rana ta faɗi ba ya tambayar abin da ke cikin kofi. A shekarar 2021, gab da azumi, ɗaruruwan mutane a Kano suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, wasu ƙodarsu ta taɓu, sanadin abin sha da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. Waɗanda abin ya shafa ba haram suka nema ba, sanyi da zaƙi suka saya. Saboda haka duk abin sha mai launi da aka ƙulla a leda ko aka ɗura a tsohuwar roba, ba ka san wanda ya haɗa ba, barinsa ya fi. Kunun tsamiya da kunun gyaɗa da koko an dafa su, sun fi aminci idan da zafinsu. Zoɓo da lamurje da fura, amincinsu yana ga ruwan da aka dama su da shi, da ƙanƙarar da aka jefa ciki. Ƙanƙara ba ta kashe cuta, idan da mugun ruwa aka yi ta, mugun ruwa ka sha. Ruwan leda a duba wanda yake a rufe da kyau, ba wanda ya wuni a rana ba. Wanda gudawa ta kama shi ya nemi ruwan gishiri da sukari ya je wurin likita da wuri, ya sha azumi in ya ji jiki, don rai ya fi ƙarfin kunya.

Sai giya mai ɓoye kama. Hukumar Hisba, wadda aka kafa a Kano a 2003, tana farautar masu sayar da ita, amma babban birni ba ya rasa lungu. Akwai kwalabe da gwangwanaye da suke kama da lemo alhali barasa ce a ciki. Akwai kuma ƴan ƙananan leda da robobi da ake tallarsu a tasha da sunan maganin basir ko ciwon baya ko ƙarin kuzari, da yawansu saiwoyi ne da aka jiƙa cikin barasa. Mafi yawanmu ba ma karanta rubutun Ingilishi da ke jikinsu, don haka ƙa'idar ita ce, abin da ba ka sani ba tambayi Musulmi amintacce kafin ka buɗe. Duk abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa haram ne, sauya masa suna ba ya sauya hukuncinsa. Wanda ya sha bisa rashin sani ba zunubi a kansa, ya daina da zarar ya gane, ya wanke bakinsa. Samari kuma su ji tsoron Allah game da ƙwayoyi da maganin tarin da ake sha don maye, da yawa a birni suka fara koyonsu suka dawo mana da su ƙauye.

Abin da za a kalla

Allah ya yi umurni da tafiya a bayan ƙasa da duban yadda ya fara halitta, da yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, a wurare da yawa cikin Alƙur'ani, daga ciki akwai Suratul Ankabut, aya ta 20. Kallon da ake fita da wa'azi daga cikinsa ibada ne. Kano kuwa cike take da irin waɗannan wurare.

Dutsen Dala shi ne tushen garin. A nan Barbushe yake jagorantar bautar Tsumburbura kafin Musulunci, yau kuwa wanda ya hau kansa da asuba hasumiyoyin masallatai yake gani ta kowace fuska. Wangarawa suka kawo addini fada a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Ganuwar garin an fara ta tun zamanin Sarki Gijimasu, Sarki Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta. Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, a zamaninsa ne kuma Shehu Magili ya sauka Kano ya rubuta masa nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Duk da kaurin wannan ganuwa, Turawa sun shiga garin a 1903. Wanda ya tsaya gaban abin da ya rage nata ya tuna cewa mulki na Allah ne. Gidan Makama, kusa da fada, an mai da shi gidan tarihi, akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofi da kayan yaƙi da hotuna. Babban masallacin Juma'a yana nan gefen fada, ginin da ake gani yanzu na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne. A marinar Ƙofar Mata har yau ana rini da baba a cikin rijiyoyi kamar yadda kakanni suka yi.

Damagaram ma tana da nata. Unguwar Birni da fadar sarki da ragowar ganuwar Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, suna nan. Faransawa sun ci garin a 1899 a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, ya zama babban birnin ƙasar har 1926 da aka mai da mulki Yamai. Yaro ɗan ƙasar nan bai kamata ya je Kasuwar Dole ya dawo bai ga waɗannan wurare ba.

Ga yadda mai azumi zai tsara kwana uku a Kano ba tare da ya galabaita ba. Buƙatar da ta kawo shi ita ce farko: ranar farko ta sayayya ce ko asibiti ko ganin yaro da malaminsa, da safe kafin rana ta yi zafi. Kantin Kwari da Wapa duk a wajen Fagge suke, a haɗa su a fita ɗaya. Rana ta biyu ya hau Dala bayan sallar asuba da sauran sanyi, ya gangaro Kurmi, ya wuce Gidan Makama, ya yi azahar a babban masallaci, don duk a cikin tsohon birni suke. Daga azahar zuwa la'asar a huta, sannan a nemi majalisin tafsiri, ga su nan a unguwa-unguwa, wannan kuwa ita ce babbar ribar shiga Kano da azumi. Rana ta uku ta gaishe-gaishe ce da ɗaure kaya. Mai yara idan da hali ya kai su gidan namun daji na Audu Bako su ga halittar Allah. Kabu-kabun babur da muka saba da shi an hana shi a cikin Kano tun 2013, a daidaita sahu ake shiga, a yi ciniki kafin a hau. Matambayi ba ya ɓata, amma a zaɓi wanda za a tambaya: dattijo a ƙofar masallaci ko mai shago a shagonsa, ba wanda ya tare ka a tasha yana cewa ya san ka ba.

Masu zama har Salla su san tsarin hawa: ranar idi hawan Salla, washegari hawan Daushe, rana ta uku hawan Nasarawa. Akwai shekarun da aka dakatar da shi saboda annoba ko dalilin tsaro, sai a tambaya kafin a kashe kuɗin mota. Kallon dawaki da ado halal ne, Annabi ya bar Uwar Muminai A'isha ta kalli wasan Habashawa da masu a ranar idi. Amma taro yana da haƙƙi irin na hanya da ya zo a hadisi: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umurni da alheri da hani ga mummuna. Kada a kutsa cikin mata, kada salla ta wuce saboda neman wurin tsayawa, a riƙe hannun yara, a nisanci gaban dawaki lokacin jafi, kuɗi da waya su shiga aljihun ciki.

Abu biyu suka rage ga mai yin Salla a can. Zakkar fidda kai sa'i ɗaya ce, mudu 4 da mudun Annabi, an so matafiyi ya fitar wa kansa a inda yake, ya kuma bar wasiyya a gida a fitar wa iyali, in ya wakilta su su fitar har da tasa ya isar. Sannan wani lokaci Nijar da Najeriya sukan saɓa da kwana ɗaya wajen ganin wata. Mutum ya yi Salla tare da mutanen garin da yake, idan ya ƙirga azuminsa bai kai 29 ba ya rama abin da ya rage.

Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Annabi ya siffanta tafiya da yankin azaba, tana hana mutum barcinsa da cinsa da shansa, ya kuma yi umurni wanda ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. To jama'a, idan an gama abin da ya kai mu, a yi sallama da mai masauki da godiya, a biya bashi in akwai, a riƙo ƴar tsaraba daidai ƙarfi, a kamo hanya. Magidanci ya tuna cewa dararen goman ƙarshe ba sa dawowa sai baɗi, ga wanda Allah ya nufa da kaiwa, tafiyar da za ta iya jira har bayan Salla a bar ta ta jira.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo mana da su lafiya. Allah ya ciyar da mu halal, ya shayar da mu halal, ya tsare idanunmu daga abin da ya haramta. Allah ya saka wa masu saukar baƙi da alheri, ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya sa muna cikin ƴantattun bayinsa, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Allah ne mafi sani. Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga hukunce-hukuncen i'itikafi.